Tarihin Daura Bai Tsaya a Bakin Kusugu Ba

Akwai maganar da ta zauna a bakin mutane da yawa, har da masu ilimi da nake girmamawa, wai duk tarihin ƙasar Daura yana cikin birni: rijiyar Kusugu, fadar Sarki, labarin Bayajidda da Daurama. Garuruwan bakin hanya kuwa wuraren shan mai ne da sayen tsire, ba su da abin faɗa. Na san dalilinsu, domin birni ne ke da fada da makaɗa da maroƙa masu adana sunayen sarakuna. Amma da izininsu, ban yarda ba.

A ɗauki Zango. Lokacin jihadi, wajen 1805, Malam Ishaku ya ci Daura, sarkinta na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita daga birni da jama'arsa. Zuriyarsa ba ta watse ba, ta kafa sarauta a Zango da Baure, tana riƙe da sunan Daura kusan shekara ɗari, ga Fulani a birni, ga ƙarfin Damagaram daga arewa. Da Turawan Ingila suka zo, daga Zango suka ɗauko Malam Musa suka naɗa shi Sarkin Daura. Daga gidansa Sarki Abdurrahman ya fito, wanda ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966. Ashe gidan da ke sarautar birni a yau, a garin da matafiyi ke wucewa ba waiwaye aka raine shi. Masanin nan M. G. Smith, a littafinsa na 1978 kan al'amuran Daura, bai iya ba da labarin birni ba sai da ya haɗa da Zango da Baure.

Ita kanta Daurama, ai ruwayar ta ce daga Tsohon Birni ta taso da mutanenta zuwa Daura.

Sai hanyar Mai'aduwa zuwa Kwangwalam, wadda ke miƙewa Matamai har Damagaram. Fatake sun bi wannan yanki tun kafin Ingila da Faransa su zauna a ƙasarsu su ja layi, sannan su turo jami'ansu su kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Layin ya raba gona da mai ita, ya mai da ɗan'uwa baƙo. Da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019, 'yan kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa sun ɗanɗana kuɗarsu, kuma wannan ma tarihi ne.

Abin da ke damuna shi ne dattawan da suka ji waɗannan labarai daga kakanninsu suna ta ƙarewa. Ɗalibanmu masu neman abin rubutawa, ku je ku gaida hakimai da dagatai da tsofaffin direbobin tasha, ku naɗi muryarsu tun suna raye.