Finafinan da Babu Bos a Cikinsu

Yawancinmu a kan finafinai iri uku muka tashi: na Indiya, na Canis, da na Amurka. Tun zamanin da ake bin layi a ƙofar Plaza da Orion da Eldorado a Kano, har zuwa yau da ake tura fassara a waya a bakin kasuwa, tsarin bai canja ba. Akwai jarumi, akwai budurwa, akwai bos. Jarumi ya sha wuya, daga ƙarshe ya rama, kowa ya watse cikin nishaɗi. Ba laifi ba ne, wanda ya wuni yana fafutuka ya cancanci hutu da dare. Sai dai akwai wasu finafinan da ba su cika isowa gare mu ba: tsofaffi da suka ƙi mutuwa, da waɗanda aka shirya ba tare da kuɗin manyan kamfanoni ba, da na ƙasashen da ba ma ko zaton suna yin fim. Abin da ya fi burge ni game da su shi ne ƙanƙantar abin da suke ɗora labari a kai, da nauyin da abin yake ɗauka.

A 1948 Italiya tana fama da talaucin da Yaƙin Duniya na Biyu ya bar mata. Cinecittà, babban wurin shirya finafinai na birnin Rum, an mai da shi sansanin 'yan gudun hijira tun ƙarshen yaƙin, don haka masu shirya fim suka fito titi da kyamarorinsu. A wannan hali Vittorio De Sica ya yi fim ɗin da duniya ta sani da Bicycle Thieves, wato ɓarayin keke. Bai ɗauko fitaccen jarumi ba. Wani ma'aikacin masana'anta ya samo, Lamberto Maggiorani, ya ba shi matsayin Antonio, magidancin da ya daɗe yana zaman kashe wando. Rannan aka ba Antonio aikin manna takardun talla a bango, bisa sharaɗin ya zo da kekensa, keken kuwa yana gidan jingina. Matarsa Maria ta yaye zannuwan gadonsu ta kai a madadinsa. A nan akwai wata fitowa da ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi ba: ma'aikacin gidan jinginar ya ɗauki ƙunshin ya riƙa hawa kanta bisa kanta, kowacce cike da ƙunshin zannuwan wasu iyalan, har kusa da rufi. Ba wanda ya buɗe baki ya ce gari ya yi zafi. Kai da kanka za ka ƙirga.

Ranar farko da ya fara aiki, yana kan tsani, wani saurayi ya haye keken ya gudu. Sauran fim ɗin duka nema ne, shi da ƙaramin ɗansa Bruno, daga kasuwar tsofaffin kekuna zuwa coci zuwa gidan wata mai duba. Da suka gano ɓarawon ma, sai ga shi talaka ne fiye da su, ga 'yan unguwarsu sun tsaya masa, ga babu shaida. Wanda ya taɓa ganin ɗan acaɓar da aka raba da babur ɗin da ya ɗauko bashi, ba sai an yi masa bayanin halin Antonio ba. Daga ƙarshe, da ya rasa tudun dafawa, shi ma ya miƙa hannu kan keken wani, aka kama shi ana mari a gaban ɗansa. Mai keken ya dubi yaron ya ce a saki uban. A haka fim ya ƙare, keke bai dawo ba. A 1952, da mujallar Sight and Sound ta Ingila ta tambayi masana fim ɗin da ya fi kowanne, shi ya zo na ɗaya.

Wani matashi daga Kalkata, ma'aikacin kamfanin talla mai suna Satyajit Ray, ya kalli wannan fim a Landan a 1950, ya fito da niyyar shi ma sai ya yi nasa. Mu da muke ganin mun ƙure finafinan Indiya, kaɗan ne cikinmu suka ji sunansa, alhali a wajen masana shi ne babban daraktan ƙasar. Fim ɗinsa na farko, Pather Panchali, da harshen Bengali aka yi shi, kan wani iyali matalauta a ƙauye. Mai riƙe masa kyamara bai taɓa ɗaukar fim ba kafin nan. Kuɗi suka ƙare, aka jinginar da gwala-gwalan matarsa, aiki ya tsaya cik har sai da gwamnatin jihar Bengal ta Yamma ta agaza, ya fito a 1955. Ba rawa, ba 'yan daba. Yara biyu ne, Apu da yayarsa Durga, suna keta ciyawa da gudu don su ga jirgin ƙasa yana wucewa. Shekara ta zagayo aka karrama shi a bikin Cannes na Faransa.

Wannan shi ake nufi da fim mai zaman kansa. Babban kamfani idan ya zuba kuɗi, shi ke faɗin wanda zai fito da yadda labari zai ƙare, don ya tabbata uwar kuɗi ta dawo. Mai zaman kansa yana shan wuyar neman kuɗi, amma ba mai tilasta masa ya dawo wa Antonio da kekensa.

A nahiyarmu, Ousmane Sembène na Senegal ne ya fi kowa iya wannan salo. Ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa ta Marseille kafin ya zama marubuci, da ya lura mutanen da yake rubutu dominsu ba sa karanta Faransanci, sai ya tafi Mosko ya koyi fim. A 1968 ya fitar da Mandabi da harshen Wolof. Ibrahima Dieng dattijo ne a Dakar, mata biyu, 'ya'ya bakwai, babu aikin yi, amma akwai babbar riga da taƙama. Ɗan 'yar'uwarsa mai sharar titi a Paris ya aiko da takardar kuɗi ta gidan waya, sefa 25,000. Kafin Dieng ya ga ko sisi labari ya zaga unguwa: mai kanti ya buɗe musu littafin bashi, maƙwabta suka fara sallama. A gidan waya aka ce sai da katin shaida. Katin shaida sai da takardar haihuwa da hoto. Takardar haihuwa sai ya faɗi ainihin ranar da aka haife shi, abin da bai sani ba. Kowace ƙofa da mai jiran na goro, har wani ɗan boko na jikinsa ya karɓi wakilci ya yi sama da kuɗin. Za ka yi dariya, amma dariyar ba ta nisa, don ka san layin, ka san teburin, wataƙila ka san mai zama a bayansa. Ni a ganina, cikin duk waɗannan finafinai babu wanda ya cancanci a fassara shi da Hausa kamar wannan.

Iran kuwa darasinta na masu sana'ar fim ne kai tsaye. Tun bayan juyin juya halin 1979 dokokin tace fim a can suke da tsauri: mace ba ta fitowa kai a buɗe, namiji da mace ba sa taɓa juna a gaban kyamara. Mai shirya fim a Kano ya san irin wannan iyaka. Amma a cikinta Majid Majidi ya yi Children of Heaven a 1997, labarin Ali da ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa Zahra, suka ɓoye wa iyayensu suka riƙa karɓa-karɓa da nasa, ita ta je makaranta da safe ta sheƙo da gudu ta cire masa. Da aka sa gasar tsere, kyautar na uku takalmi ce, sai Ali ya shiga da burin ya zo na uku, kuskure ya sa ya zo na ɗaya, ya tsaya yana hawaye. Shi ne fim ɗin Iran na farko da ya shiga takarar Oscar, kuma a 2012 Asghar Farhadi ya ciyo kyautar da A Separation, labarin rabuwar aure da shari'a. Ashe ba dole sai da waƙa da rawa ake riƙe mai kallo ba.

Kada a ɗauka duk fim ɗin da ya ci kyauta a Turai mai kyau ne. Akwai waɗanda za a kafa kyamara a kan bango minti biyar ba abin da ya motsa, a ce fasaha ce. Akwai kuma na Afirka da ka gani ka san don alƙalan bikin Turawa aka yi su, talaucinmu ne hajar. Waɗannan ko ka yi barci ba ka yi asara ba. Amma su ma nagartattun suna bukatar haƙuri. Da yawa ba su da kala, tafiyarsu a hankali take, kuma sai ka bi rubutun fassara a ƙasan allo. Wanda ke kallo yana duba saƙonni a waya ba zai ga kantocin gidan jinginar nan ba.

Abin takaicin shi ne, har namu na gida mun bari sun kuɓuce. Oumarou Ganda na Nijar shi ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972 da Le Wazzou polygame, kan kishi da auren dole. Med Hondo ya ci ta a 1987 da Sarraounia, labarin Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari rundunar Faransawa a 1899, daga littafin Abdoulaye Mamani. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya da Hausa a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka tsinci faifansa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas. A Jamus aka gyara shi, a Berlin aka sake haska shi a 2018. Matasa nawa ne a Kano ko Zinder suka gan shi?

Yau nema ya yi sauƙi, da yawa daga cikinsu suna intanet. Mai karatu, fara da Mandabi ko Children of Heaven, ka tara iyali ku kalla tare, don babu abin kawar da kai a cikinsu. Malaman jami'a da masu gidajen kallo su ware ko da dare ɗaya ne a wata. Masu fassara kuma, da kuka iya sa jaruman Indiya magana da Hausar Kano, ku taimaka ku sa Ibrahima Dieng ma ya yi.