Tarihin tseren dawaki a Hungari

Tseren dawaki a Hungari wasa ne da aka ɗauko daga Ingila a farkon ƙarni na 19, da nufin inganta irin dawakin ƙasar. A lokacin Hungari tana ƙarƙashin sarakunan gidan Habsburg na Ostiriya, kuma doki shi ne abin dogaro a yaƙi da noma da sufuri. Wasan ya kai ƙololuwa a shekarun 1870, lokacin da dawakin Hungari suka ci manyan gasanni a Ingila da Faransa da Jamus, sannan ya ja baya sakamakon yaƙe-yaƙen duniya biyu.

Asali

Mutanen Hungari sun daɗe da sanin doki, amma tsere mai ƙa'ida, wanda ake auna nisa a rubuta sakamako, baƙon abu ne gare su. A shekarar 1814 basarake József Hunyady ya shirya tsere a gonarsa da ke Ürmény, garin da yau yake cikin Slobakiya.

Wanda ake ɗauka a matsayin uban wasan shi ne István Széchenyi (1791–1860). Ya ziyarci Ingila a 1815, ya sake komawa a 1822 tare da abokinsa Miklós Wesselényi. A ganinsa, tsere shi ne gwajin da ke bambanta doki nagari da na banza, kuma kyautar da ake bayarwa za ta sa masu gonaki su kashe kuɗi wajen kiwo. Ya kuma so taron ya riƙa jawo manyan ƙasar zuwa birnin Pest su tattauna al'amuran ƙasa. An yi tsere a Pozsony, wato Bratislava ta yau, a 1826, sannan aka yi na farko a Pest ranar 6 ga Yuni, 1827. A 1828 ya wallafa littafi kan dawaki mai suna Lovakrul.

Gonakin kiwo na gwamnati

Tun kafin haka akwai gonakin kiwon dawakin soja a Mezőhegyes (1784) da Bábolna (1789). A 1853 Sarki Franz Joseph ya ba da umarnin kafa wata a Kisbér, wadda ta mai da hankali kan dawakin tsere irin na Ingila. An sayo ingarmu daga can, cikinsu har da Buccaneer da Cambuscan. Masu horarwa da mahaya da yawa su ma Ingilishi ne, waɗanda suka zauna a garuruwan da ke kusa da Pest. A 1873 aka haɗe Pest da Buda da Óbuda suka zama Budapest.

Zamanin Kisbér da Kincsem

A 1876 wani ɗan Buccaneer da aka raɗa wa sunan gonar, Kisbér, ya ci gasar Derby ta Epsom a Ingila, ya kuma ci Grand Prix de Paris a shekarar.

Mafi shahara ita ce goɗiya Kincsem, 'yar Cambuscan, wadda aka haifa a 1874. Ma'anar sunanta a harshen Hungari ita ce "dukiyata". Mai ita shi ne Ernő Blaskovich, kuma Robert Hesp ya horar da ita a garin Göd. Tsakanin 1876 da 1879 ta shiga tsere 54, ta ci dukansu: 10 tana shekara biyu, 17 tana shekara uku, 15 tana shekara huɗu, 12 tana shekara biyar. A jirgin ƙasa ake kai ta wuraren gasa. A 1878 ta ci kofin Goodwood a Ingila da Grand Prix de Deauville a Faransa. Babbar gasar Baden-Baden ta Jamus kuwa sau uku ta ci ta a jere. A ta 1878 sun yi kunnen doki da Prince Giles the First, aka maimaita tseren, ta wuce shi. Ta mutu a watan Maris na 1887, kuma ƙasusuwanta suna gidan tarihin aikin gona a Budapest.

Ƙarni na 20

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya daular Ostiriya da Hungari ta wargaje. Yarjejeniyar Trianon ta 1920 ta raba Hungari da kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarta, har da gonaki da filayen tsere. Duk da haka an fara gasar Derby ta Hungari a 1921, aka buɗe sabon fili a Budapest a 1925. Tseren keken doki, inda doki ke sassarfa yana jan ƙaramin keke, ya samu nasa filin a titin Kerepesi a 1933.

Yaƙin Duniya na Biyu ya yi ɓarna sosai, domin dawaki da yawa sun mutu ko an kwashe su zuwa waje. Gwamnatin kwaminisanci ta ƙwace gonakin sarakai, harkar tsere da cacar da ake yi a kanta suka koma hannun hukuma. Fitaccen dokin wannan zamani shi ne Imperiál, wanda ya ci Derby ta Hungari da ta Ostiriya a 1963.

Halin da ake ciki

Filin 1925 shi ne ake kira Kincsem Park a yau. Bayan an rufe filin Kerepesi aka gina katafaren kanti a wurin, tseren keken doki ma ya koma can. Cibiyar horarwa mafi girma tana Alag, arewa da Budapest.

Dokin da ya sake jawo hankalin jama'a shi ne Overdose, wanda aka haifa a Ingila a 2005, Zoltán Mikóczy ya saye shi da araha. A 2008 shi ya fara kaiwa ƙarshe a gasar Prix de l'Abbaye a Paris, amma aka soke tseren saboda ƙofar wani doki ba ta buɗe ba wajen tashi. Ya mutu a 2015. A 2017 an fitar da fim mai suna Kincsem a Hungari.