Yaron Shago ko Mataimaki na Nesa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Makarfi lokacin kakar rake ya ga yadda ake loda manyan motoci, ko ya ratsa fadamun Ikara sa'ad da tumatir ya nuna, ko gonakin inabi na Kudan, ya san akwai ranar da fatauci yake fin ƙarfin mutum guda, ranar da mai dukiya zai tsaya ciniki da dillali alhali waya tana ruri a aljihunsa, littafin bashi kuwa ya kwana uku ba a buɗe ba. A da, in haka ta faru, sai a ɗauki yaro, a ci da shi a sha da shi, bayan shekaru a sallame shi da jari. Yanzu zamani ya zo da wata hanya, wato mutum ya yi jinga da wani mai kwamfuta da ke zaune a Samaru ko Kano, wanda zai riƙa amsa saƙonnin masu saye ta WhatsApp, yana tsara lissafi, ba tare da ya taɓa taka shagon ba.

Masu ganin abin bidi'a ne su koma babin ijara, domin fuƙaha'u sun daɗe da rarrabe ajiri iri biyu: wanda ka ɗauki lokacinsa kai kaɗai, da wanda yake yi wa jama'a aiki, kamar tela ko marini, ana biyansa gwargwadon abin da ya gama. Na farko amini ne, ba ya biyan hasara sai in ya yi sakaci. Amma a mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, mai sana'a yana lamunin kayan da ya ɓuya da su daga idon mai su. Mataimaki na nesa ɗan'uwan tela ne, kuma wanda ya taɓa kai ɗinki ana jibi Salla ya san ma'anar zama ɗaya daga cikin mutum goma.

Ta fuskar kuɗi jinga ta fi sauƙi, musamman ga sana'ar da take da kaka da rani. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya tun 2024 naira 70,000 ne, kuma ko da yake dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, haƙƙin ci da sutura da jinyar yaro ya hau kansa bisa al'ada, ko ana ciniki ko ba a yi.

Sai dai ni a ganina kuɗi ba shi ne mizani ba. Kwandon tumatir da ya fara laushi, da curin mazarƙwaila da aka rage wa nauyi, da manomin da ba zai ba ka bashi ba sai ka je masa ta'aziyya, waɗannan duk suna bukatar ido da ƙafa, ba a yin su ta intanet. Rubutu da lissafi da talla kuwa ana iya miƙa su, bisa sharaɗin a rubuta aikin da ladansa a gaban shaidu, layin waya da asusun banki su zauna da sunan mai dukiya, lambar sirri kuma kada ta fita daga bakinsa, domin ranar da aka rabu, sunayen abokan cinikin da ya tara cikin shekara goma suna iya tafiya a wayar wani.