Bindigar Damagaram: daga saiti zuwa ƙara

Duk wanda ya tsaya a ƙofar fada a unguwar Birni ta Zinder ranar hawan Sallah ya san ƙarar bindigogin toka da hayaƙin albarushi da ke turnuƙe mahaya. Abin da ba kowa ke lura da shi ba, babu ko ɗaya a cikin masu harbin da ke auna wani abu. Sama ake ɗaga bakin bindiga a danna kunama. A hankali bindigar gargajiya ta Damagaram ta koma kayan biki, fasahar saiti kuwa tana ta ɓacewa.

Garin nan ba baƙon bindiga ba ne. A zamanin Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya rasu a 1884, ayarin fatake na kawo bindigogi daga Tarabulus, maƙeran Zinder kuma na ƙera igwa suna haɗa albarushi a gida. Da wannan ƙarfi Damagaram ta riƙa tsoratar da maƙwabta, har daga baya Sarki Amadu Kuran Daga ya kai yaƙi ƙasar Kano. Amma a faɗi gaskiya, bindigar mayaƙan wancan lokaci ta harbin taro ce, amfaninta a yawa da firgita dawakin abokan gaba. Gwanintar auna abu guda a same shi tana hannun maharba, waɗanda ɗuri ɗaya gare su, in sun kuskure barewa sun kwana da yunwa.

Dalili na farko na ɓacewar saiti shi ne siyasa. Yarjejeniyar Burusal ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani wannan yanki na Afirka, sannan Faransawa suka ci Zinder a 1899 bayan karon Tirmini, ƙarfin makami ya bar fada ya koma bariki. Na biyu doka ce. An hana farauta a Nijar a shekarun 1970, aka shafe fiye da shekara 20 a haka, kafin dokar 98-07 ta 1998 ta tsara ta da lasisi. A ganina dalili na uku ya fi waɗannan nauyi: dajin kansa ya ƙare. Fari na shekarun 1970 da 1980, faɗaɗa gonaki, da masu farauta a mota da manyan bindigogi sun share namun da maharbi ke koyon sana'a a kansu. Uba ba zai koya wa ɗansa saiti ba alhali babu abin da za a auna.

A wannan sauyi akwai alherin da ba za a raina ba. Sauran dabbobin da suka rage a Termit da Tin Tumma, inda aka kafa gandun kariya a 2012, suna bukatar a ƙyale su, kuma ba mai hankalin da zai yi fatan bindiga ta yawaita a hannun jama'a bayan makaman da suka kwararo daga Libiya tun 2011. Hasarar ita ce tarbiyyar da ke tafe da saiti, wato natsuwa, riƙe numfashi, da sanin inda bakin bindiga ya dosa. Mai harbin biki ƙara yake nema, sai ya cika albarushi fiye da kima, bututun da ya tsufa kuwa yana iya fashewa a hannunsa.

A wasu ƙasashen wannan tarbiyya ta samu gida a filin wasa. Dubi gasar ƙaramar bindiga mai harsashi .22 da ake yi daga nisan mita 25 har a Olamfik. Dokar hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, ta hana madubi da kowace irin na'ura mai haske, saitin ƙarfe kawai aka yarda da shi, ɗan tsini a gaba da tsaga a baya, tazararsu ba ta wuce milimita 220. Lissafin ba ya da sassauci: tsinin ya kauce da milimita 1, harsashi zai kauce da kusan santimita 11 a kan allo, alhali da'irar maki goma faɗinta santimita 5 ne kacal. Shi ya sa gwanaye ke kafa ido a kan tsinin gaba, su bar allon ya yi dishi-dishi, kuma suke zaɓar faɗin tsaga daidai da ƙarfin idonsu. A Amurka wasu gasanni sun yarda da saiti mai jan ɗigo, wanda ke taimakon masu shekaru.

Kunama ma da ƙa'idarta. Dole nauyin janta ya kai giram 1,000, bindigar gaba ɗaya kuma ba ta wuce giram 1,400, don haka ɗan yatsa na iya karkatar da hannu in bai ja a miƙe ba. Abin da mai gasa ke nema wurin kamfanoni irin Pardini da Walther ba sauƙin ja ba ne, kunama ce mai saki a wuri guda kullum, babu gurzawa. Tsohon maharbin Damagaram zai gane wannan magana nan take, don shi ma ya san halin kunamarsa kamar yadda mahayi ya san linzamin dokinsa.

Ba ina kira a watsa harsashi a gari ba ne, yanayin tsaro bai ba da wannan dama ba. Akwai matakin da ya fi sauƙi, bindigar iska ta mita 10, wadda ba ta amfani da albarushi, ana harba ta a ɗaki rufaffe ƙarƙashin kulawar hukuma. Ya kamata masu kula da wasanni a jihar Damagaram su duba wannan, fada kuma ta sa a duba lafiyar bindigogin hawa kafin kowace Sallah, a kuma zauna da tsofaffin maƙera da maharba a rubuta abin da suka sani tun suna raye.