Jirgin yaƙi a kan tebur: yadda ake ƙera ƙaramin samfurin Hermione

A shekarar 2021 aka fitar da jirgin ruwan nan mai suna Hermione daga teku, aka kai shi busasshen wurin gyaran jirage na Anglet, kusa da Bayonne a kudu maso yammacin Faransa, bayan da aka gano wani naman gwari mai cin itace ya ruɓar da wasu sassan jikinsa. Shi kansa wannan jirgi kwaikwayo ne na wani tsohon jirgin yaƙi da ya nitse tun 1793. Sau biyu ke nan katakon Hermione yana shiga hatsari. Abin da ya tsira a duka lokutan shi ne awon jirgin, wato zane-zanen da ke nuna tsawo da faɗi da lanƙwasar kowane sashe. Da wannan awon ne masu ƙera ƙananan samfura, abin da ake kira maquette da Faransanci, suke sake gina jirgin a kan tebur.

Jirgin da ake kwaikwaya

An gina Hermione na asali a Rochefort, garin da aka kafa masana'antar jiragen yaƙi a bakin kogin Charente a 1666, zamanin Sarki Louis na 14. An saka shi a ruwa a 1779. Jirgi ne na rukunin frégate, masu sauri da ake aikawa leƙen asiri da kai saƙo da farautar jiragen abokan gaba. Yana da manyan jigaye uku da ake ɗaura wa ƙyallayen kama iska, da igwogi 26 masu harba dunƙulen ƙarfe mai nauyin kusan kilo 6, ban da wasu ƙanana a saman bene.

Tafiya guda ce ta ba shi suna. A watan Maris na 1780 ya ɗauki Marquis de La Fayette zuwa Amurka, ya isa Boston a ƙarshen Afrilu, ɗauke da labarin cewa Faransa za ta aiko da sojoji su taimaka wa George Washington a yaƙin neman ƴanci daga Ingila. Bayan shekara 13, a watan Satumba na 1793, jirgin ya daki duwatsu kusa da Le Croisic ya nitse.

Da aka tashi sake gina shi a cikakken girmansa, sai aka dogara da zanen wani jirgi dabam. Ɗan uwansa Concorde, wanda aka gina a kan tsari ɗaya, ya faɗa hannun Ingilawa a 1783. Su kuma al'adarsu ce su auna jirgin da suka kama su zana shi dalla-dalla. Wannan zane, da aka adana a gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich a Landan, shi ya zama tushen aikin da aka fara a Rochefort a 1997, aka gama a 2014, har jirgin ya tsallaka tekun Atlantika a 2015. Mai ƙera ƙaramin samfuri ma daga irin wannan zane yake farawa.

Lamba ɗaya ce ke mulki

Yaro mai yin motar kara da ido yake aunawa, kuma ba wanda zai tuhume shi idan taya ta fi ƙofa girma. Mai maquette ba shi da wannan ƴancin. Yakan zaɓi ma'auni guda, ya raba komai da shi, tun daga jigon tsakiya har zuwa kan ƙusa. Ma'aunin da aka fi sani shi ne 1/48: santimita ɗaya a samfuri yana wakiltar santimita 48 a jirgin gaske. Akwai masu aiki da 1/36 don su nuna ƙarin bayani, da masu 1/72 don wuri ya ishe su.

Idan aka ɗauki 1/48, gangar jikin Hermione mai tsawon mita 44 da ɗoriya za ta dawo santimita 92. Faɗinsa na mita 11 da ɗoriya zai zama santimita 23. Tsawonsa gaba ɗaya, har da sandar da ta miƙe daga goshi, kimanin mita 65 ne, wato mita 1 da santimita 35 a kan tebur. Matuƙi mai tsawon mita 1.70 zai tsaya a santimita 3 da rabi. Igwa mai tsawon kusan mita biyu da rabi za ta zama santimita 5, bakinta kuwa milimita 2 da rabi.

A nan wahalar take. Kuskuren milimita ɗaya a samfuri daidai yake da kuskuren kusan santimita 5 a jirgin gaske. Idan kuskuren ya maimaitu a falankai 20 da ke jere, zai kai santimita 2, kuma tagogin igwogi ba za su zauna a layi ɗaya da bene ba. Shi ya sa ƙwararru ke ɓata makonni a kan takarda kafin su taɓa zarto.

Akwai kuma shawarar da dole a yanke tun farko: wane Hermione ake ginawa? Na 2015 yana da injina da na'urorin tuƙi na zamani, saboda dokokin tsaron teku na yau sun tilasta haka. Na 1780 ba shi da ko ɗaya. Wanda ya kwafi hotunan jirgin yanzu ya ce na La Fayette ya gina, ya gauraya zamani biyu. Masu bin tarihi sukan koma ga zanen Concorde da littafin tafiya na kyaftin ɗin jirgin, Latouche-Tréville, da kuma aikin Jean Boudriot, masanin da ya wallafa littafi mai juzu'i huɗu tsakanin 1973 da 1977 kan yadda Faransawa ke gina jirgi mai igwa 74.

Itacen da ya dace

An yi amfani da itatuwan chêne kimanin 2,000 wajen gina sabon Hermione, amma wannan itace bai dace da samfuri ba. Zanen jijiyoyinsa da ramukan jikinsa manya ne, kuma ba sa raguwa don an rage girman jirgi. Idan aka yanka shi siriri, sai falanki ya fito kamar an sassaƙa shi da gatari.

Saboda haka ake neman itace mai laushin fuska da ƙarfin jiki. Faransawa sun fi son poirier don gangar jiki, saboda yana riƙe kaifin gefe kuma launinsa ja-ja ne mai kyau. Ana amfani da buis, mai launin rawaya, wajen sassaƙa ado kamar zakin da ke goshin jirgi. Baƙaƙen ɗamarun da ke zagaye jikin jirgi kuwa akan yi su da ébène, baƙin itacen da ake samu a dazuzzukan kudancin Kamaru da Gabon, wanda dangin kanya ne. Sharaɗin da ya hau kan kowane itace shi ne ya bushe sarai. Ɗanyen katako zai karkace bayan an manna shi, ya ja sauran sassa tare da shi.

Daga ƙashin baya zuwa bene

Hanyoyi uku ake bi wajen gina gangar jiki. Mafi sauƙi ita ce a sassaƙa ta daga dunƙulen itace guda. Ta biyu, wadda akwatunan kayan haɗawa da ake sayarwa suka fi bi, ita ce a tsayar da ƴan allunan katako a kan doguwar sanda, a lulluɓe su da falankai. Daga waje jirgin zai yi kama, amma cikinsa ba haka na gaske yake ba.

Ta uku ita ce ake kira modélisme d'arsenal, wato a bi matakan da masu ginin Rochefort suka bi. Ana fara shimfiɗa ƙashin bayan jirgi, doguwar sandar da ke ƙasa, a kan allo mai layukan awo. Sai a kafa ginshiƙin goshi da na baya. Daga nan sai haƙarƙari, ɗaya bayan ɗaya. Kowane haƙarƙari haɗin guntaye da yawa ne a jeri biyu, an sassaɓa mahaɗansu don kada rauni ya taru wuri guda. Ba biyu da suke daidai da juna, domin jirgi yana da faɗi a tsakiya, yana tsukewa gaba da baya. Bayan an tsayar da su duka, sai a bi da magagari da samfefa har hannu ya wuce a kansu ba tare da jin tudu ba.

Lulluɓi shi ne gwajin haƙuri. Falanki miƙaƙƙe ba ya kwanciya a jiki mai lanƙwasa. Akan jiƙa shi, a gasa shi a kan ƙarfe mai zafi ko a turara shi, sannan a rage faɗinsa zuwa ƙarshe, tun da falankan da suka cika tsakiyar jirgi dole su shige cikin ƙunƙuntar goshi. Wasu sukan huda ramuka su cusa ƴan ƙusoshin itace ko na tagulla masu kaurin rabin milimita, dubbai, a daidai inda na gaske suke. Da yawa kuma da gangan suke barin gefe ɗaya a buɗe, don mai kallo ya ga haƙarƙari da ɗakunan ciki da wurin ajiye albarushi.

Igwogi akan gyare su daga sandar tagulla a kan injin juyi, ko a yi guda ɗaya mai kyau a zuba sauran a cikin mazubi don su fito iri ɗaya. Kowace tana da keken katako mai ƙafa huɗu da igiyoyin da ke tare ta idan ta ja baya bayan harbi.

Rabin kilomita na zare

Sabon Hermione yana ɗauke da igiyoyi kimanin kilomita 25, da ƙyallayen iska masu faɗin murabba'in mita 2,200, da ƴan tayoyin jan igiya wajen 1,000. A ma'aunin 1/48, igiyar ta dawo fiye da mita 500 na zare, ƙyallayen kuma ba su cika murabba'in mita ɗaya ba.

Zaren ɗinki ba ya wadatarwa, don ba ya nuna murɗin igiya. A Rochefort akwai ginin Corderie royale mai tsawon mita 374, inda a da ake miƙa zaren rama ana tufka igiyoyin jiragen sarki. Masu samfuri suna da ƙaramin injin da ke yin aiki iri ɗaya: ya murɗa zare uku kowanne da kansa, sannan su naɗe juna ta ɗaya ɓangaren. Da shi ake fitar da kauri iri-iri, daga igiyar anga zuwa siririyar ta tuta.

Launi ma yana da ma'ana. Igiyoyin da ke riƙe jigaye ba sa motsi, kuma ana shafa musu kwalta don kada ruwan gishiri ya cinye su, don haka baƙaƙe ne. Waɗanda matuƙa ke ja kullum don sarrafa ƙyallaye launin rama suke da shi. Tsanin igiya da ake hawa jigo da shi kuwa, kowane mataki ƙulli ne da ake yi da hantsaki, kuma sukan kai dubbai. Wannan ne ya sa samfurin arsenal kan ci shekaru a hannun mutum ɗaya.

Abin da samfuri ke adanawa

Sana'ar ta girmi sha'awar masu yi a gida. A ƙarni na 18 ana koyar da injiniyoyi da hafsoshin ruwa da irin waɗannan samfura. A 1748 masani Duhamel du Monceau ya ba Sarki Louis na 15 tarin nasa, kuma daga wannan kyauta ne gidan tarihin jiragen ruwa na ƙasa da ke Paris ya samo asali. Napoleon ma ya ba da umarnin haɗa wani tari a 1810. A zamanin yaƙe-yaƙensa, fursunonin Faransa da ke tsare a Ingila sun riƙa sassaƙa ƙananan jirage da ƙasusuwan naman da ake ba su, suna sayarwa don samun na kashewa. Jiragen da duk waɗannan suka kwaikwaya kusan ba wanda ya rage, amma samfuran suna nan, kuma masana na duba su don gane yadda ake ɗaura igiya ko tsara bene a inda takardu suka yi shiru.

Samfurin ma yana da abokan gaba. Ƙura na kama igiyoyi, hasken rana na cinye launi, sauyin yanayi kuma na buɗe mahaɗai, domin itace yana kumbura da danshi, yana ƙanƙancewa da fari. Gidajen tarihi kan riƙe danshin ɗaki a wajen kashi 50 cikin 100. Ga wanda ke zaune inda ake fita daga damina a shiga busasshiyar iskar hunturu, kamar Yamai ko Marwa ko Njamena, akwatin gilashi mai rufewa sosai da wurin da gara ba ta kaiwa wajibi ne tun kafin a gama aikin.

Wanda ke son gwadawa ba da Hermione ya kamata ya fara ba. Ƙwararru kan ba da shawarar a soma da ƙaramin kwale-kwalen da ake ɗorawa a bene, ko yanki guda na tsakiyar jirgi mai haƙarƙari kaɗan da igwa biyu. Kayan aikin farko ba su da yawa: ƙaramin zarto, wuƙa mai kaifi, magagari, samfefa, gam ɗin kafinta, hantsaki, da ma'aunin ƙarfe mai nuna kashi goma na milimita. A cikinsu duka, ma'aunin ne ake ɗauka kafin kowane yanka, a sake ɗauka bayansa.