Kafin a Sayar da Sa a Kai Yaro Gidan Mari

A yawancin gidaje ba a zama shawara kan ɗan da ke shaye-shaye sai tura ta kai bango. Ko dai ya sayar da babur ɗin kabu-kabun da aka haɗa kuɗi aka saya masa, ko ya ɗaga wa mahaifiyarsa hannu, ko kuma an kwaso shi daga tasha yana shure-shure, kumfa a baki. A daren ne baffanni da kawunnai ke taruwa a zaure. Wani ya ce a ɗaure shi tukuna, wani ya ce ya san wani gida a Najeriya inda ake gyara kangararru, wata uku kawai yaro ya dawo kamar ba shi ba. Kafin asuba an gama magana: za a kai sa kasuwa, a nemi mota. Da wuya a samu wanda zai tambaya ko akwai likita a gidan da za a kai shi.

Wannan tambaya kuwa ita ya kamata ta zo farko, domin abin da ke cikin jinin yaron shi ke nuna irin wurin da ya dace da shi. A ƙasar Dakoro, kamar sauran jihar Maraɗi, abin da aka fi ji shi ne tramol, sai diyazefam, tabar wiwi, sholisho da ruwan maganin tari mai kodin. Giya ma tana nan, a ɓoye take kawai. Da yawa ba don iskanci suka fara ba. Mai huɗa ya sha don ya kai yamma a gona, ɗan kabu-kabu don kada ya ji gajiyar hanya, ɗan ci-rani kuma ya koyo a ramukan zinariya na Jado ya dawo da shi gida. Ƙwayar tramol, wato tramadol, ta asibiti takan zo da miligiram 50, kuma likita ba ya wuce 400 a yini ga babban mutum. Wadda ake sayarwa a kan tire ko a bayan keke, an rubuta 120 ko 225 a jikin takardarta, kuma akwai masu watsa uku ko huɗu a kofin shayi ɗaya. Farfaɗiyar da ake cewa aljanu ne suka buge yaro, sau da yawa daga nan take.

Sai a tuna da abin da ya faru a ƙetaren iyaka. Ranar 26 ga Satumba 2019 ƴan sanda suka fasa wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawa da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Wasu sun ba da labarin yunwa da lalata da aka yi da su. A cikinsu har da waɗanda aka kawo daga Burkina Faso, Mali da Gana. Ba a yi wata guda ba aka sake samun mutum 67 a irin wannan hali a Daura, sannan aka bi da wasu gidajen a Katsina da Zariya. Abin da ya fi ciwo, yawancinsu ba sato su aka yi ba. Iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suka biya kuɗi, da kyakkyawar niyya. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton da ya nuna ana ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a ƙasashe 60, wato matsalar ba ta Najeriya kaɗai ba ce. Mu da ke da dangi a Katsina da Jibiya, muke ƙetarawa ta Ɗan Isa kamar zuwa ƙauyen maƙwabta, wannan labari namu ne.

Ba ina cewa a raina malamai ba. Addu'a da nasiha suna da babban matsayi, kuma malamin da yaro ke jin kunyarsa yakan yi abin da allura ba za ta yi ba. Amma tsarewa daban, magani daban. Wanda aka kulle wata shida bai sha ƙwaya ba saboda babu inda zai same ta, wannan ba warkewa ba ce. Ranar da aka kwance shi, yana nan da sha'awarsa, ga kuma ƙullin da ya ƙulla wa iyayen da suka miƙa shi.

Akwai ma abin da ya fi wannan haɗari, wanda mutane ƙalilan suka sani. Raba mutum da wasu abubuwan farat ɗaya yana iya kashe shi. Wanda ya shekara da shekaru yana shan giya kullum, idan aka yanke masa, cikin sa'o'i 6 zuwa 24 hannunsa zai fara rawa, gumi ya karyo. Kwana ɗaya zuwa biyu yana iya faɗuwa da farfaɗiya. Wajen kwana na uku wasu kan ruɗe gaba ɗaya, jiki ya yi zafi, su riƙa ganin ƙwari ko macizai a bango. A asibiti ana shawo kan wannan da magani da ƙarin ruwa da bitamin B1. A ɗakin da aka garƙame da kwaɗo kuwa, sai a wayi gari a ce kwana ya ƙare. Diyazefam ma haka yake, ba a tsayar da shi lokaci guda, likita ne ke rage shi sannu a hankali cikin makonni. Barin tramol da kodin yakan zo da zawo, amai, hamma, ciwon gaɓoɓi da rashin barci na kusan mako guda. Wahala ce mai tsanani, amma akwai magungunan da ke sassauta ta, kuma babu wata lada a bar mutum ya sha ta a banza.

Saboda haka matakin farko yana kusa da gida, kuma ba ya cin kuɗin sa. A je wurin majo na cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa, ko a Kornaka ake ko Sabon Machi ko Birnin Lalle, ko kuma kai tsaye asibitin gunduma na Dakoro. A faɗi gaskiya: me yake sha, guda nawa a yini, tun yaushe, ya taɓa faɗuwa ko bai taɓa ba. In an samu takardar ƙwayar a aljihunsa, a tafi da ita. Ɓoye wa ma'aikacin lafiya don kunya cutar kai ne, shi aikinsa ya ɗora masa riƙe sirri. In abin ya fi ƙarfinsu su ne za su rubuta takardar turawa zuwa Maraɗi, tafiyar da ta ɗara kilomita 100. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa a Nijar, akasarinsu kuma suna Yamai, inda babban asibitin ƙasa ke da sashen da kowa ya sani da Pavillon E. Wanda ya ga ƙetarawa Najeriya ta fi masa sauƙi, to akwai asibitocin gwamnati na wannan fanni a Kware kusa da Sakkwato, da Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano. Mutane na gudun waɗannan wurare wai kada a ce ɗansu ya haukace. Amma wanda aka gani kwance a kwata a bakin kasuwa, wane asiri ne ya rage a rufa?

Ba kowa ne ma yake bukatar kwanciya ba. Da yawa za su iya zama a gida suna zuwa ganin likita a kan lokaci, muddin akwai tsayayyen mutum a kansu. Kwanciya ta fi dacewa da mai giya ko diyazefam mai nauyi, da wanda ya taɓa farfaɗiya, da mai maganar kashe kansa, da wanda ya fara jin muryoyi ko zargin kowa da neman ransa.

Idan har ta kama sai an kai shi wata cibiya, ta gwamnati ko ta masu zaman kansu, kada a tafi da yaron a zuwan farko. Mutum biyu su je su gani da idonsu, ɗaya a cikinsu ya kasance mai iya karatu. Su nemi ganin takardar izini daga hukumar lafiya, su tambayi sunan likitan da ke duba marasa lafiya da ranakun da yake zuwa, da wanda ke kwana da su da dare, da asibitin da ake garzayawa in wani ya faɗi. Kada su tsaya a ofishin mai gida inda aka shimfiɗa darduma aka kawo ruwan sanyi. Su ce a kai su ɗakin kwana, da makewayi, da wurin girki. Su dubi idon sawun waɗanda ke zaune a wurin, domin mari yana barin baƙin zobe a fata wanda ba ya ɓacewa da wuri. Su lura ko mazauna wurin suna iya ɗaga kai su amsa gaisuwa, ko kuwa sai sun saci kallon mai gadi tukuna. Su duba ko an ware yara daga manya, mata daga maza. Inda aka ce ba a shiga ciki, ko ba a ziyara sai bayan wata uku, ko ba a magana da yaro sai da wani a tsaye a kansa, a yi sallama a kama hanya.

Sai a saurari irin alkawarin da ake yi. Duk wanda ya rantse cewa ɗanka zai warke ɗari bisa ɗari, ko ya ce yana da wani haɗi na sirri da ke wanke ƙwaya daga jini cikin mako biyu, kuɗinka yake so. Masana a Amurka sun ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan koma sha a wani lokaci, kusan daidai da yadda masu hawan jini ke sakaci da maganinsu, kuma sun nuna cewa kulawar da ba ta kai wata uku ba amfaninta kaɗan ne. Mai gaskiya zai faɗa maka haka tun kafin ka zaro kuɗi. Zai kuma gaya maka sunan kowane maganin da za a ba yaron. A nemi a rubuta kuɗin a takarda, da abin da ya ƙunsa, abinci ne ko magani ko gwaji, kuma a biya wata-wata. Wanda ya karɓe kuɗin wata shida a dunƙule ba shi da sauran dalilin sauraron kokenka.

A tambaya kuma: bayan an wuce kwanakin farko, me ake yi da su tun safe har dare? Fitar da ƙwaya daga jiki shi ne ɓangare mai sauƙi. Babban aikin shi ne zama da mutum a gano abin da ke tura shi, ko bashi ne, ko auren da ya mutu, ko baƙin cikin da ya daɗe yana ci, a koya masa yadda zai yi idan sha'awar ta taso. Hukumar Lafiya ta Duniya da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a ƙa'idojin da suka sabunta a 2020, sun tsaya a kan cewa magani ya kasance da yardar mai shi, ba tare da duka ko wulaƙanci ba. Na san wani uba zai ce, yaron da ba ya cikin hayyacinsa wace yarda za a nema a wurinsa? Akwai lokacin da dole a kai mutum asibiti ko bai so ba, idan ransa ko na wani yana cikin haɗari, amma wannan na ƴan kwanaki ne kuma a hannun likita. In ya natsu, a zauna da shi, da safe kafin ya sha, a sa wanda yake jin nauyinsa ya yi maganar. Wanda aka yaudara da cewa za a je gaida kaka, ya tsinci kansa a bayan ƙofar ƙarfe, da wuya ya sake yarda da kowa a gidan.

Mata su ne aka fi zalunta a wannan lamari, saboda ana rufe maganarsu har sai ta lalace. Rahoton binciken Najeriya na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Wadda za a kai magani, a tabbatar mata ne ke kula da ita dare da rana. Mai ciki kuwa kada a kuskura a yanke mata tramol ko kodin a gida, abin yana iya taɓa cikin, sai dai a asibiti.

Ranar dawowa ita ce ake yi wa murna, alhali daga ranar ne haɗari ke ƙaruwa. Fadar da yake zama tana nan, mai tiren da ke ba shi bashi yana nan. Tun kafin a sallamo shi ya kamata a san wa zai riƙa dubansa a Dakoro, wace rana zai koma ganin likita, kuma wace sana'a zai kama, ko kiwo ne ko ɗinki ko gyaran babur, don zaman banza shi ke mai da mutum ruwa. Kada a damƙa masa kuɗi masu yawa a watannin farko, kada kuma a riƙa yi masa gori a gaban ƙannensa.

Dole kuma shi da mutanen gidan su san wannan: jikin da ya huta wata biyu ko uku ba ya ɗaukar abin da yake ɗauka a da. Adadin da yake sha ya hau babur lafiya lau, yanzu yana iya tsayar masa da numfashi, musamman in ya haɗa da diyazefam ko giya. Idan aka same shi ba ya farkawa, numfashinsa na fita da ƙyar ko yana wani irin minshari, leɓɓansa sun canza launi, kada a ɗura masa madara ko ruwan tsamiya, zai shaƙe. A kwantar da shi a gefensa, a nemi mota ko amalanke nan take, a faɗa wa ma'aikatan asibiti abin da ya sha, domin akwai allurar da ake kira naloksan mai karya ƙarfin tramol da kodin idan an kai shi da wuri. In ya tashi, a mayar da shi wurin likitan da ya fara dubansa, a ci gaba daga inda aka tsaya.