Hankali Da Ilimi: Wanne Ke Ciyar Da Gida?

 Yau muna so mu yi tunani tare a kan wata gardama da ta daɗe cikin gidajenmu. Uba ya sayar da akuya da buhun gero domin ya biya wa ɗansa kuɗin makaranta. Ɗan ya dawo da takarda a hannu, ya dubi gonar uban, ya ce noman jahilci ne. Uban kuwa ya ce boko ya ɓata masa yaro. Daga nan ba mai ƙara jin maganar wani. To, wa ke da gaskiya? Bari mu fita gona mu duba, gama gona ba ta ƙarya.

Duk wanda ya bi hanya daga Kano zuwa Ungogo, Minjibir, Dawakin Tofa, Bichi ko Dambatta ya san yadda ƙasar nan take. Gona tana manne da gona, ƙauye yana hango ƙauye. Ba filin da za a bari ya huta shekara biyar kamar yadda ake yi a wuraren da jama'a ba su da yawa. Kowace damina ana noma wuri ɗaya, tun zamanin kakanni. Bisa ga lissafin mutane da yawa, ya kamata a ce ƙasar ta mutu tuntuni. Amma wani malamin jami'a daga Ingila mai suna Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da kuma Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi shekaru yana bin waɗannan gonaki, tun daga binciken da ya fitar a 1965. Abin da ya tarar shi ne, manoman nan sun san abin da suke yi.

Ga yadda abin yake. Manomi yana shuka gero da dawa, ya sa wake ko gyaɗa a tsakani. Bayan girbi ya tara harawa da kara, ya ɗora bisa itace ko rumfa, ya ciyar da tumaki da awakin da ke ɗaure a gida. Kashin dabbobin da tokar murhu da sharar tsakar gida su zama taki. Da rani a kwashe su a mangala, jaki ya kai gona. Har sharar birnin Kano jakai sun daɗe suna kwasowa zuwa gonakin da ke kewaye. Ba ya kuma sare gawo, domin ya lura gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa hatsi rana, kuma geron da ke ƙarƙashinsa ya fi kyau. Babu wanda ya koya masa wannan a aji. Ido ne da haƙuri da yunwar shekarun baya suka koya masa. Wannan shi muke kira hankali.

Sau biyu aƙalla masu ilimi suka zo da nasu lissafi, hankalin manomi ya rinjaye su. Lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa sun sa rai auduga za a yi ta lodawa zuwa masaƙun Ingila. Manoma kuwa suka auna. Suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, tana shiga tsakanin hatsi, in kuwa shekara ta ɓaci ana iya cinta, amma ba mai cin auduga. Suka zuba gyaɗa, har ta fi ƙarfin jirgin. Daga nan ne dalar gyaɗa ta samo asali.

Na biyu, an daɗe ana koya wa malaman gona cewa haɗa amfani iri-iri a gona ɗaya ci baya ne, gara kowane iri da gonarsa. Sai wani mai bincike, David Norman, a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ya zauna da manoman ƙauyukan Zariya a ƙarshen shekarun 1960, ya lissafta abin da suke kashewa da abin da suke samu. Ya tarar gonar haɗi ta fi ba da riba a kan kowace eka, ta kuma fi tsare gida daga asara, gama in fari ya ci dawa, gero ko wake yakan tsira. Ashe tsoho ya riga malami sani. Abin da malami ya ƙara shi ne dalili: a saiwar wake da gyaɗa akwai 'yan ƙulle-ƙulle inda waɗansu ƙananan halittu suke jawo abincin shuka daga iska su ajiye cikin ƙasa.

Amma kada mu yi saurin cewa hankali kaɗai ya isa. Hankali yana koyo ne daga abin da ido ya gani. Akwai kuwa abubuwan da ido ba ya gani, ko da mutum ya shekara tamanin. Ku tuna da kurkunu. Shekaru aru-aru tana kwantar da manoma daidai lokacin noma, kowa da abin da yake zargi, ba wanda ya ce ruwan kududdufi ne, domin ciwon ba ya fitowa sai bayan kusan shekara da shan ruwan. Ilimi ne ya gano 'yan ƙwarin da ke cikin ruwa, ya ce a tace da ƙyalle, a haƙa rijiyar burtsatse. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da kurkunu.

Ga kuma wanda yake tare da mu har yanzu, watau ajiyar wake. Ƙwaro yana cinye wake cikin 'yan watanni. Mutum ya ga fiya-fiya yana kashe ƙwari a ɗaki, sai hankalinsa ya ce masa, to, a yayyafa a wake mana. Ƙwaron ya mutu, waken ya yi kyau a ido, amma dafin yana nan, 'ya'yanmu ne kuma za su ci. A 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan magani a cikinsa. In baƙo ya ƙi abincinmu domin tsoron lafiyarsa, yaya za mu zuba wa namu a kwano? Maganin abin kuwa ya fito ne daga haɗuwar biyun. Iyayenmu sun san toshe wake cikin tulu ko gwangwani, ko a cuɗa shi da toka. Masana na Jami'ar Purdue a Amurka, tare da abokan aikinsu na Afirka, suka tabbatar rashin iska ne ke kashe ƙwaron. Suka fito da buhu mai rufi uku, leda biyu a ciki, buhu ɗaya a waje, aka soma yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Ba a sa ko ɗigon magani, sai dai a busar da waken sosai, a ɗaure kowace leda tamau.

To, me muka koya? Kowane ɗaya yana da inda ya fi gani. Abin da ya shafi ƙasar gonarka, lokacin shuka, halin maƙwabcinka, da abin da gidanka zai iya ɗauka in shekara ta ƙi, tambayi wanda ya daɗe a wurin. Abin da ya shafi magani, awon takin zamani, rubutun da ke jikin kwalba, allurar rigakafi, da takardar da za ka sa wa hannu, tambayi wanda ya yi karatu. Cutar da ke kashe mu ita ce girman kai, kuma ba ta zaɓen mai takarda ko marar takarda.

Kai saurayi da ka dawo daga makaranta, kafin ka gyara gonar babanka, ka tambaye shi dalilin da ya sa yake yin abin da yake yi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. In kana da sabon iri, roƙi kunya biyu ko uku a gefen gona ka gwada, damina ta yi muku shari'a. Kai kuma baba, kai ne ka sayar da akuya domin yaron nan ya iya karatu. In ya ɗauki kwalba ya karanta maka cewa wannan dafi ne, kada ka ce yaushe aka haife shi. Kuɗinka ne yake dawo maka. Gemu ba ya hana ilimi.

Allah ya ba mu kunnen jin juna, ya albarkaci gonakinmu da 'ya'yanmu.